Ƙungiyoyin gama kai da jam'iyyun masu ra'ayin riƙau: ƙauna ce ko farautar ƙuri'a?

A watan Satumban 2007 dogayen layuka suka kafu a ƙofofin bankin Northern Rock a biranen Birtaniya, kowa na rububin kwashe ajiyarsa kafin bankin ya durƙushe. Shekaru goma kafin wannan rana, bankin mallakin masu ajiya ne da masu karɓar rancen sayen gida a cikinsa, kowane mamba da ƙuri'arsa. A 1997 aka mayar da shi kamfanin hannun jari, bisa wata doka da gwamnatin Margaret Thatcher ta jam'iyyar Conservative ta kafa a 1986. Daga bisani gwamnati ta karɓe shi a watan Fabrairun 2008 don kada ajiyar jama'a ta salwanta.

Wata biyu kacal bayan waɗancan layuka, a watan Nuwamban 2007, shugaban jam'iyyar Conservative na lokacin, David Cameron, ya je birnin Manchester ya ƙaddamar da wata ƙungiya ta ƴan jam'iyyarsa mai fafutukar yaɗa tsarin gama kai. Saƙon nasa shi ne bai kamata a bar wa masu ra'ayin gurguzu kaɗai wannan tsari ba, domin taimakon kai da kai da riƙon amanar unguwa ɗabi'u ne na masu ra'ayin riƙau tun asali. Ƴan jam'iyyar Labour suka yi masa ca, suna cewa wanda ya rushe rumbu ne ya dawo yana wa'azin tanadi.

Wannan cacar baki ba ta tsaya a Birtaniya ba. Daga Jamus zuwa Italiya, daga Japan zuwa Indiya, jam'iyyun masu ra'ayin riƙau sun daɗe suna da hannu a cikin ƙungiyoyin gama kai, wani lokaci su raine su, wani lokaci su hau kansu. Ga matashin da ke shirin kafa ƙungiya a Maraɗi ko Tawa, ko ɗan ci-ranin da ke aiki ƙarƙashin wata ƙungiya a Italiya, tarihin yana da amfani, domin yana nuna yadda ake bambanta ƙungiyar mambobi da wadda suna kawai ta ara.

Shagon masaƙa 28

Galibi ana fara ba da labarin ne daga garin Rochdale, kusa da Manchester. A ranar 21 ga Disamban 1844, wasu mutum 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe wani ɗan shago da jarin fam 28 da suka tara kaɗan-kaɗan. Kayan da ke ciki ba su wuce garin alkama da sukari da man shanu da garin hatsi da ƴan kyandirori ba. Abin da ya tura su shi ne algus da tauye mudu da ƴan kasuwa ke yi wa ma'aikatan masaƙu.

Ƙa'idojin da suka ɗora shagon a kai su ne suka yi suna fiye da shagon kansa. Ƙofa a buɗe take ga duk mai son shiga. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko nawa ya zuba. Ribar da aka samu ana raba ta gwargwadon sayayyar da mutum ya yi, ba gwargwadon jarinsa ba. Ba a sayar da kaya bashi. Sannan ƙungiyar ba ruwanta da jam'iyya ko ɗariƙar addini, duk da cewa da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ta mabiyan Robert Owen ne, mai ra'ayin gurguzu na farko-farko, wasu kuma ƴan fafutukar nema wa talaka ƴancin zaɓe.

Tsaka-tsakin nan ya ɗore sama da shekaru 70. Yaƙin duniya na farko ne ya karya shi. Shagunan gama kai sun ga ana fifita ƴan kasuwa masu zaman kansu a rabon kayan abinci, an ɗora musu harajin da suke ganin bai dace da su ba, ana kuma kwashe ma'aikatansu zuwa fagen daga. A 1917 suka kafa jam'iyyarsu, Co-operative Party, wadda ta ƙulla yarjejeniyar zaɓe da Labour a 1927. Har yau ƙawancen na nan: a zaɓen 2024 ƴan majalisa 43 ne suka ci zaɓe da tutar jam'iyyun biyu a haɗe. Shi ya sa a idon ɗan Birtaniya, shagon Co-op na unguwa da jam'iyyar Labour ɗan juma ne da ɗan jummai.

Ɗaya saiwar: magajin gari da limaman coci

Sai dai itacen gama kai ba saiwa ɗaya gare shi ba. A Jamus, wanda ake kira uban ƙungiyoyin ƙauye shi ne Friedrich Wilhelm Raiffeisen, wanda aka haifa a 1818 ya rasu a 1888. Magajin gari ne a wasu ƙananan garuruwa, Kirista mai riƙo da addini, kuma ba shi da wata alaƙa da gurguzu. A yunwar da aka yi a 1846 zuwa 1847 ya kafa ƙungiyar toya burodi don talakawan garin Weyerbusch. Daga baya ya fahimci cewa sadakar masu kuɗi ba ta fitar da manomi daga hannun masu ba da rance da ruwa. A 1864 ya kafa ƙungiyar rance a Heddesdorf, inda manoma da kansu ne mambobi.

Tsarin nasa ya dogara ne ga sanin juna. Ƙungiya ba ta wuce ƙauye ɗaya ko yankin coci ɗaya, don kowa ya san halin mai neman rance. Mambobi duka ne ke tsaya wa bashin ƙungiya da dukiyarsu. Shugabanni ba sa karɓar albashi. Taken tafiyar abu uku ne: taimakon kai, mulkin kai, da ɗaukar nauyin kai. Duk wanda ya zauna a Jamus ko Ostiriya ya ga bankunan da ke ɗauke da sunan Raiffeisen har gobe, kuma a Ostiriya an san kusancinsu da jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta ƙasar. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya tunanin gama kai cikin jerin abubuwan gado na bil'adama, bisa buƙatar Jamus.

Cocin Katolika ya ƙara wa wannan tafiya ƙarfi. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar da aka sani da Rerum Novarum, inda ya yi watsi da gurguzu, ya kare haƙƙin mallakar dukiya, amma kuma ya la'anci zaluntar ma'aikata ya goyi bayan su kafa ƙungiyoyinsu. Daga nan limaman coci suka shiga kafa asusun ƙauye a arewacin Italiya da Beljiyam da sauran wurare. A Kanada, Alphonse Desjardins ya buɗe asusun jama'a na farko a garin Lévis a 1900 da goyon bayan malaman coci. A yankin Basque na Sifaniya, wani limamin coci, José María Arizmendiarrieta, shi ne ya reni matasan da suka kafa masana'antar farko ta Mondragon a 1956, wadda a yau ta zama gungun ƙungiyoyi mai ma'aikata kimanin dubu 70.

Ƴan siyasa ma ba a bar su a baya ba. Horace Plunkett, wanda ya kafa ƙungiyar haɗa kan manoman Ailan a 1894, ɗan majalisa ne na ɓangaren da ke ƙawance da jam'iyyar Conservative. A Amurka, dokar 1922 da ta ba manoma damar haɗa kai su sayar da amfanin gona tare ba tare da an tuhume su da mamaye kasuwa ba, tana ɗauke da sunayen ƴan jam'iyyar Republican biyu, Arthur Capper da Andrew Volstead. A Faransa kuma, dokar 1894 da ta haifi bankin Crédit Agricole aikin Jules Méline ce, ɗan siyasar da ya yi suna wajen kare manoma da kasuwar cikin gida.

Me ke jan hankalin masu ra'ayin riƙau?

Dalilan a bayyane suke. Ƙungiyar gama kai ba ta ƙwace dukiyar kowa. Tana saye da sayarwa a kasuwa kamar kowane kamfani, in ta yi asara ita ta jiyo. Tana mayar da talaka mai mallaka, kuma masu wannan ra'ayi sun yi imani cewa wanda ke da abin da zai rasa ba ya saurin ƙona gari. Tana rage dogaro ga gwamnati, wadda su ke yi wa kallon mai yawan kashe kuɗi da nisa da jama'a. Tana kuma ƙarfafa abubuwan da ke tsakanin mutum da hukuma, wato iyali da unguwa da wurin ibada da ƙungiyar sana'a.

Wannan batu na ƙarshe shi ne Jesse Norman ya fi riƙewa, mutumin da ya jagoranci ƙungiyar da Cameron ya ƙaddamar, wanda ya shiga majalisa a 2010 ya kuma rubuta littafi kan Edmund Burke, masanin ƙarni na 18 da ake ɗauka uban ra'ayin riƙau na Birtaniya. Burke ya koyar da cewa son ƙasa daga son ƙananan rukunin da mutum ya tashi a ciki yake farawa. Phillip Blond, wanda littafinsa Red Tory ya fito a 2010, ya ƙara da cewa babbar gwamnati da manyan kamfanoni duk sun haɗu wajen murƙushe ƙaramin mutum, don haka a raba mallaka ga jama'a.

To amma a cikin gidan masu ra'ayin riƙau akwai wani ɗaki dabam, na masu ganin kasuwa ce alƙali a kan komai. A wurinsu, dukiyar da aka kulle a cikin ƙungiya, wadda ba wanda zai iya sayar da kasonsa, dukiya ce mai barci. Su ne suka yi rinjaye a zamanin Thatcher. Bayan dokar 1986, ƙungiyoyin rancen gidaje goma suka rikiɗe zuwa bankuna ko aka sayar da su tsakanin 1989 da 2000, ciki har da Abbey National da Halifax da Bradford & Bingley. An raba wa mambobi hannun jari ko tsabar kuɗi, har wasu suka riƙa buɗe asusu don kawai su jefa ƙuri'ar rushewa su karɓi rabonsu. Dukiyar da iyaye da kakanni suka tara cikin sama da shekaru ɗari, zuriya ɗaya ta cinye. A yau babu ko ɗaya daga cikin goman da ke tsaye da ƙafarsa: wasu an haɗiye su, wasu gwamnati ta ceto a rikicin kuɗi na 2008. Nationwide, wadda mambobinta suka ƙi amincewa da sauyin, ta tsallake rikicin kuma har yanzu tasu ce.

Alƙawarin miliyan ɗaya

Cameron ya zama firaminista a watan Mayun 2010, a gwamnatin haɗaka da jam'iyyar Liberal Democrats. Babban takensa shi ne Big Society, ma'ana babbar al'umma maimakon babbar gwamnati. Ɗaya daga cikin ginshiƙan shirin shi ne ba ma'aikatan gwamnati, kamar ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a, damar ficewa daga hukuma su kafa kamfanin da su ne masu shi, gwamnati ta riƙa ba su kwangila. Ministan da ke kula da shirin, Francis Maude, ya yi hasashen cewa nan da 2015 ma'aikata miliyan ɗaya za su koma irin waɗannan ƙungiyoyi. Da wa'adin ya cika, ƙungiyoyin da aka samu kimanin ɗari ne, masu ma'aikata wajen dubu 35.

Abin da ya faru da Central Surrey Health ya nuna inda gizo ke saƙa. Ƙungiya ce ta ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da suka fice daga hukumar lafiya a 2006, kuma gwamnatin Cameron ta karrama ta a matsayin abin koyi. A 2011 ta nemi wata kwangilar ɗaruruwan miliyoyin fam ta kula da lafiyar al'umma a yankinta, sai aka ba wani kamfani da rukunin Virgin ke da mafi yawan hannun jari a ciki. Ƙungiyar ma'aikata ba ta da aljihun da za ta yi gogayya da attajirai a gasar kwangila, kuma ba a yi wata doka da za ta kare ta ba.

Wasu kuma sunan kawai suka ɗauka. Kamfanin Circle, da aka miƙa wa asibitin Hinchingbrooke a 2012, an tallata shi a matsayin na ma'aikata, alhali sama da rabin mallakarsa na masu zuba jari ne. A farkon 2015 ya sanar da janyewa daga kwangilar. Hukumar da ke kula da fanshon ma'aikatan gwamnati an mayar da ita kamfani mai suna MyCSP a 2012, inda ma'aikata suka samu kashi 25 cikin ɗari, kamfanin Equiniti kashi 40. Bayan shekaru biyu Equiniti ya kai kashi 51. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce sayar da kayan gwamnati ne aka sanya wa rigar gama kai. Abin da ya ƙara ɓata shirin shi ne zuwansa tare da tsuke bakin aljihu: an zaftare kuɗin ƙananan hukumomi, aka rufe ɗakunan karatu da dama ko aka bar su a hannun ƴan sa-kai. Jama'a suka fassara babbar al'umma da cewa ku yi wa kanku abin da gwamnati ta daina yi.

Duk da haka ba a tashi a tutar babu ba. Dokar 2011 ta ba unguwanni damar yin rajistar wani gini ko shago a matsayin kadarar al'umma, ta yadda in za a sayar da shi sai an ba su wata shida su tara kuɗi. A 2014 an haɗe tsofaffin dokokin gama kai wuri guda, an kuma yi rangwamen haraji ga mai kamfanin da ya sayar wa ma'aikatansa, abin da ya sa kamfanoni masu yawa suka koma hannun ma'aikata daga baya. Ɓangaren Labour ma ba shi da bakin yin dariya sosai: a 2013 aka gano giɓin fam biliyan ɗaya da rabi a bankin Co-operative, har ikonsa ya koma hannun masu zuba jari na Amurka. Rashin iya shugabanci ba ya tambayar jam'iyya.

Fari da ja a Italiya, shinkafa a Japan, madara a Indiya

A Italiya, inda ƴan Afirka ta Yamma da yawa ke neman abinci, ƙungiyoyin gama kai launi gare su. Akwai jajaye, ƙarƙashin Legacoop da ta samo asali a 1886, masu kusanci da ƴan gurguzu. Akwai farare, ƙarƙashin Confcooperative da aka kafa a 1919, masu kusanci da coci da jam'iyyar Kiristoci ƴan dimokuraɗiyya. Ƴan bangar Mussolini sun ƙona ofisoshin ƙungiyoyi a farkon shekarun 1920, daga baya gwamnatinsa ta tattara waɗanda suka rage ƙarƙashin hukuma guda. Bayan yaƙi, ɓangarorin biyu suka amince aka sanya sashe na 45 a kundin tsarin mulki, wanda ya yarda da amfanin gama kai ga al'umma. Dokar da ta fi taimakon ma'aikata a wannan fanni, ta 1985, tana ɗauke da sunan Giovanni Marcora, minista daga jam'iyyar Kiristocin. Ta ba ma'aikatan kamfanin da ya durƙushe damar haɗa kuɗin tallafin rashin aikinsu su saye kamfanin, tare da ƙarin jari daga wani asusu na musamman. A 2011 manyan ƙungiyoyin suka kafa ƙawance guda. Amma a ƙasar ne kuma hukumomi ke fama da ƙungiyoyin bogi a gonaki da ɗakunan ajiyar kaya, inda ake rubuta ɗan ci-rani a matsayin mamba don a biya shi ƙasa da ƙa'ida, bai taɓa halartar taro ko jefa ƙuri'a ba.

A Japan, ƙungiyar manoma ta JA ta shafe gomman shekaru tana zama rumbun ƙuri'un jam'iyyar LDP mai ra'ayin riƙau. Ita tana kawo ƙuri'un ƙauye, jam'iyya tana kare farashin shinkafa daga ta ƙetare. Da firaminista Shinzo Abe ya so buɗe kasuwa, sai gwamnatinsa ta LDP ɗin ta rage ikon uwar ƙungiyar a 2015. A Indiya kuma, gwamnatin Narendra Modi ta kafa ma'aikatar gama kai ta tarayya a watan Yulin 2021, ta kuma danƙa ta ga Amit Shah, ministan cikin gida kuma na hannun daman Modi. Gwamnati ta ce so take ta yaɗa nasarar Amul, ƙungiyar masu madara da aka kafa a garin Anand a 1946. Ƴan adawa suka ce hanya ce ta ƙwace ƙungiyoyin rake da bankunan ƙauye waɗanda suka daɗe suna zama tushen ƙarfinsu a jihohi irin su Maharashtra. Duk inda ƙungiya ta tara mutane da kuɗi, ɗan siyasa zai leƙo.

Abin da Nijar ta gani da idonta

Siyasar Nijar ba ta rabu gida biyu kamar ta Turai ba, amma tambayar waye mai ƙungiya ba baƙuwa ba ce a nan. Gayya da adashe sun girmi kowace doka. Abin da manoma suka sani da sunan koperatib kuwa, daga sama ya sauko. Turawan mulkin mallaka sun kafa ƙungiyoyin tanadi da ake biyan kuɗinsu dole tare da haraji, da rumbunan tsimi da kwamanda ke iko da su. Bayan samun ƴanci, gwamnatin Diori Hamani ta kafa UNCC a 1962 don rance da sayen amfanin gona, musamman gyaɗa a yankunan Maraɗi da Damagaram. A tsakiyar shekarun 1960 an gwada barin manoma su riƙe kasuwannin gyaɗa da kansu, su auna su rubuta, amma farashi da babban iko suka ci gaba da zama a Yamai.

Janar Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, ya ɗora tsarinsa na Société de développement a kan ginshiƙai biyu: samariya da ƙungiyoyin gama kai. Harshen da aka yi amfani da shi zai yi wa mai ra'ayin riƙau na Turai daɗi: al'ada, ƙauye, dattawa, dogaro da kai. A 1984 aka rushe UNCC aka maye gurbinta da UNC, da sunan miƙa wa manoma ragama. Sai dai zama mamba ba zaɓi ba ne, kasancewarka ɗan ƙauyen ya isa, kuma tsarin ya zama matattakalar da hukuma ke saukar da umarni. Daga cikinsa ne aka haifi jam'iyyar MNSD a 1989, wadda masu nazarin siyasa suka saba sanyawa a ɓangaren masu ra'ayin riƙau, saɓanin PNDS da ta shiga ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya. Manoma da yawa sun riƙa kallon koperatib a matsayin kayan gwamnati, don haka bashinta ma bashin gwamnati ne, wanda ba a gaggawar biya.

Abin da ya kama ƙasa daga baya, daga ƙasa ya tsiro. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, wanda ya ɗauki adashe ya ƙara masa akwati mai makulli da ƙa'idojin da matan suka tsara wa kansu, ba tare da jarin waje ba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Bayan buɗe fagen siyasa, manoma sun kafa tarayyoyinsu irin su Mooriben, da FCMN-Niya ta masu lambu, da FUCOPRI ta manoman shinkafa. Tsarin jinginar hatsi, inda ake kulle amfanin gona a sito a karɓi rance har farashi ya tashi, ya nuna abin da ƙungiya ke iya yi wanda manomi shi kaɗai ba zai iya ba. Raiffeisen da zai ga waɗannan, da ya gane su nan take: mutanen da suka san juna, kuɗinsu, alhakinsu.

Ma'aunin da ba ya ƙarya

Bisa dokar bai-ɗaya ta ƙungiyoyin gama kai da ƙasashen OHADA suka amince da ita a birnin Lome ranar 15 ga Disamban 2010, matasan Nijar na da hanya biyu: mutum biyar sun isa su kafa ƙaramar ƙungiya mai sauƙin tsari, mutum 15 kuma su kafa mai kwamitin gudanarwa. Dokar ta ɗauko ƙa'idojin da ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya ya sabunta a Manchester a 1995, waɗanda ta huɗu a cikinsu ita ce cin gashin kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2012, sannan 2025, don waɗannan ƙungiyoyi, kuma gwamnatoci na kowane ra'ayi sun yi jawabin yabo.

Yabo ba ya da tsada. Tarihin da ke sama ya nuna cewa masu ra'ayin riƙau na da haƙƙin cewa gama kai nasu ne su ma, domin Raiffeisen da Plunkett da Marcora ba ƴan gurguzu ba ne. Ya kuma nuna cewa a hannunsu ne aka yi babban gwanjon dukiyar mambobi a Birtaniya, kamar yadda gwamnatocin gurguzu a wasu ƙasashe suka mayar da ƙungiyoyi sassan ma'aikatu. Launin jam'iyya ba ya gaya wa mamba komai. Tambayoyi huɗu ne ke gaya masa.

Ta farko, shin mutum da kansa ya shiga, kuma yana iya fita? Ta biyu, ƙuri'a ɗaya ce ga kowa, kuma mambobi na iya tsige shugaba ba tare da izinin wani ofishi ba? Ta uku, an kulle dukiyar gama-gari ta yadda ƴan yau ba za su raba ta su bar ƴan gobe hannu rabbana ba? Ta huɗu, in ɗan siyasa ko mai ba da tallafi ya zo da sharaɗi, ƙungiyar na iya cewa a'a ta ci gaba da rayuwa?

Ɗan siyasar da ke son gama kai da gaske ana gane shi a dokar da ya kafa: ko ta sauƙaƙa rajista, ta buɗe hanyar samun jari, ta tilasta binciken kuɗi a bayyane, ta kuma hana shi kansa tsoma baki a zaɓen shugabanni. Ƴan ci-ranin da ke haɗa kuɗi don sayen injin ban-ruwa a gida, da matasan da ke son haɗa kekunan ɗinki ko baburan haya a Zinder, su ne za su fara rubuta waɗannan sharuɗɗa a takardar ƙungiyarsu, tun kafin asusu ya yi nauyin da zai jawo baƙi.